Ciwon Baya Da Yawan Masu Magani

Zuwa ga Edita,

 A cikin wasiƙun da ka turo mini a watan nan ban ga abin da ya kai kukan ciwon baya yawa ba, musamman na kwankwaso, watau daga ƙarshen haƙarƙari zuwa saman ɗuwawu. Manoma sun rubuto, direbobi sun rubuto, teloli da ma'aikatan ofis sun rubuto, har da matan aure waɗanda suka sa 'ya'yansu suka rubuta musu. Kowa tambayarsa guda ce, wai mene ne maganinsa? To, da na jera wasiƙun nan na sake karanta su a tsanake, sai na ga babu ko ɗaya daga cikin masu su da ya rasa magani. Kowannensu ya sha iri biyar ko shida, ya ga masu magani barkatai, amma babu wanda ya iya faɗa mini sunan mutum guda da ke riƙe da akalar jiyyarsa. A kan wannan ni ke so in yi magana yau.

Ku duba yadda al'amarin kan tafi. Mutum ya tashi da safe ya ji bayansa ya riƙe, sai ya tura yaro wurin mai kemis, a haɗo masa ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda. Kwana biyu bai ji sauƙi ba, sai a ce masa ai basir ne, ya sayi jiƙo wurin mai shela a bakin tasha. Daga nan sai wanzami ya kafa masa ƙaho, wai mataccen jini ne. In abin ya ƙi, sa'an nan ya nufi asibitin garinsu, a yi masa allura, a ce ya kwanta. Wani ɗan'uwa a birni ya ji labari, ya ce ya zo a ɗauki hoto. A ɗauka, a ce an ga ƙashi ya goge. Likitan da ya ga hoton bai san abin da mai kemis ya bayar ba, mai kemis bai san da allurar asibiti ba, wanzami kuwa ba a ma faɗa wa kowa an je wurinsa ba, don kunya. Wannan ya ce kwanta, wancan ya ce tashi. Wannan ya ce ɗaura ɗamara, wancan ya ce kwance ta. Bawan Allah ya koma gida da aljihu wayam, da ciwonsa yadda ya ke, da kuma wani sabon abu wanda bai fito da shi ba, shi ne tsoro.

Kada wani ya zaci mu kaɗai ne abin ya dama. Masu ƙididdigar cututtuka na duniya sun lissafta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso, kuma suna tsammanin kafin 2050 za su kai miliyan 843, saboda ƙaruwar jama'a da yawan tsofaffi. Babu wata lalura a duniya da ta kai shi hana mutane aiki da walwala. Ba ya kisa, shi ya sa ba a kafa masa kwamiti, ba a yi masa gangami. Amma wanda fartanyarsa ta yi damina guda a rataye ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da likitoci suka tabbatar a kansa ga shi, kuma ina so a saurara da kyau, gama shi ne tushen sauran maganar. A cikin masu ciwon kwankwaso goma, kamar tara ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna da yatsa a ce ita ce. Ciwon gaskiya ne, ba ƙarya mai shi ya ke yi ba, amma babu karaya, babu ƙari, babu ruɓa. Yawancin irin wannan yakan yi sauƙi ƙwarai cikin mako shida, ko da ya ke yakan dawo wa mutum bayan wani lokaci. In ya wuce wata uku yana nan, shi ne a ke kira ciwo mai naci, kuma shi ne ya fi bukatar haɗin kan masu jiyya.

Saura kuma ɗayan nan na cikin goma. A cikinsu akwai waɗanda jijiya ce ta matsu, ciwon ya bi ƙafa har ƙasan gwiwa, akwai kuma 'yan kaɗan masu cuta mai hatsari. Alamunsu sanannu ne. In mutum ya kasa fitsari, ko fitsari da bayan gida suna kuɓuce masa, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazaunansa sun mutu kamar ba nasa ba, ko ƙafafunsa suna ta raunana, to, wannan ba na jiran gobe ba ne, a kai shi babban asibiti a ranar, domin jijiyoyin ƙarshen laka ne suka danne, jinkirin kwana ɗaya ko biyu kan bar mutum da naƙasa. Haka kuma wanda ciwon ya zo masa da zazzaɓi, da zufar dare, da rama, musamman in wani ƙullutu ya fara tasowa a gadon baya, sai a binciki tarin fuka na ƙashin baya. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ya yi bayanin wannan cuta tun 1779, har a ke kiranta da sunansa. A ƙasashen Turai ta yi ƙaranci, amma a wurinmu tana nan, ita ce ke sa wa wasu ƙusumbi, alhali kuwa tana jin magani in an fara da wuri aka jure shansa watanni. Sai tsoho da ya faɗi, da wanda ya taɓa yin ciwon daji na mama ko na mafitsara, da mai ciwon sikila, da mace mai ciwon gefe tare da zafin fitsari. Waɗannan duka a tantance su tun ranar farko.

To, ku gaya mini, wa zai yi wannan tantancewa in majiyyaci yana yawo daga hannu zuwa hannu? Mai kemis yana zaton likita zai duba, likitan da ke da mutum ɗari a layi yana zaton an riga an duba. Da haka ne mai tarin ƙashin baya kan shekara yana shan maganin basir, shi kuwa wanda ba abin da ya same shi sai gajiyar tsoka ya sayar da akuyarsa don kuɗin hoto.

Bari in daɗe kaɗan a kan hoton nan, domin mutanenmu sun ɗauke shi kamar shi ne jiyyar. Sau da yawa na ji mutum yana ƙorafi wai likita ya raina shi, tun da bai tura shi hoto ba. A shekarar 2015 wasu masana a Amurka suka tattara binciken da aka yi da manyan na'urorin hoto, irin su MRI, a kan mutane fiye da dubu uku waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan. Abin da suka samu ya isa abin mamaki. A cikin 'yan shekara ashirin, 37 cikin ɗari faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya fara lalacewa. A cikin 'yan shekara tamanin kuwa, 96 cikin ɗari. Kuma dukansu lafiya lau su ke, suna harkokinsu. Watau gogewar ƙashi da a ke gani a hoto, galibi kamar furfura ce, alamar shekaru ce, ba lalle ita ce ta kawo ciwon ba. Amma ka tsaya ka ce wa manomi "bayanka ya goge" ba tare da wani bayani ba, ka gama da shi. Zai daina sunkuyo, ya daina tafiya, ya riƙa lallaɓa jikinsa kamar ƙwai, tsoka ta saki, ciwo ya daɗa kama wuri. Kalma guda daga bakin mai farar riga takan yi ɓarnar da buhun taki bai yi ba.

Kwanciyar ma haka. Da can likitoci da kansu ke umurtar mai ciwon baya ya kwanta mako guda ko biyu. A shekarar 1986 aka gwada a Amurka, aka ga wanda ya kwanta kwana biyu bai fi wanda ya kwanta kwana bakwai shan wahala ba, ya ma riga shi komawa aiki. A 1995 kuma aka gwada a ƙasar Finlan, aka ga waɗanda suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iyawa sun riga masu kwanciya warkewa. Shekara talatin ke nan da wannan sani, amma har yanzu a cikin wasiƙun nan na ga an ce wa wani ya kwanta a kan katako wata guda.

Maganar ƙwayoyi ita ce ta fi ba ni tsoro. Diklofenak da ibuprofen da piroksikam duk 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, illarsu ɗaya. Guda daga cikinsu, na ɗan lokaci, yakan taimaka. Amma in mai kemis ya ba da wannan, asibiti ta ba da wancan, wani ya yi allurar na ukun, to, an tara wa ciki da ƙoda abin da ba za su iya ɗauka ba. Daga nan sai gyambon ciki, sai aman jini, sai hawan jini ya ƙi sauka, balle ga tsoho. Ba mugunta kowa ya yi ba, kowa dai bai san abin da ɗan'uwansa ya bayar ba ne. Sai kuma tiramol da danginta. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum kamar miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'idar likita ba a cikin shekara guda. Wanda ya san zaman 'yan dako da 'yan acaba ya san da yawa ba don maye suka fara ba, don baya ya bar su su fita nema ne. Abin takaici, a 2023 aka buga sakamakon wani gwaji na ƙasar Ostareliya, inda aka ba wasu masu sabon ciwon baya da na wuya ƙwaya mai ƙarfi ta dangin nan, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba kome a cikinta. Bayan mako shida ba a ga wani fifiko ga masu shan mai ƙarfin ba. Ashe ana sayen jaraba ne da kuɗi, ba a ko sami sauƙin da aka je nema ba.

Yanzu bari in kai ku Ingila, mu ga yadda wasu suka gwada gyara wannan rikici, da abin da ya biyo baya. A jami'ar Keele, masana suka shirya wata 'yar takarda mai tambaya tara kacal, wadda a ke cikawa ranar da mai ciwon baya ya fara zuwa. Wasu tambayoyin a kan jiki ne, ko ciwon ya sauka ƙafa, ko yana hana tafiya mai nisa, ko yana sa jinkiri wajen sa tufafi. Sauran kuwa a kan zuciya ne, ko mutum yana tsoron motsi, ko damuwa ta yi masa yawa, ko yana ganin ba zai taɓa warkewa ba. Da amsoshin a ke raba mutane kashi uku. Na farko, bayani da shawara sun ishe su, a sallame su. Na biyu a haɗa su da likitan motsa gaɓoɓi, wanda mutanenmu ke kira likitan gashi. Na uku, waɗanda tsoro da damuwa suka yi wa katutu, a haɗa su da likitan gashin da aka ƙara wa horo a kan kwantar da hankali da cire tsoro. Aka gwada wannan a kan mutum 851, aka buga sakamakon a 2011. Waɗanda aka bi da su ta wannan tsari sun fi samun sauƙi, sun fi ƙarancin fashin aiki, kuma kuɗin da aka kashe a kansu bai kai na sauran ba.

Da Amurkawa suka ji haka, sai suka ɗauki takardar suka kai wasu asibitocinsu na jihar Washinton. Sakamakonsu ya fito a 2018, kuma ba su ga wani bambanci ba. An cika takardar ga kamar rabin majiyyatan, amma jiyyar da a ke ba su ba ta sauya ba, kowa ya ci gaba da abin da ya saba. A ganina wannan gwaji na biyu ya fi na farkon amfani gare mu. A Ingila akwai wanda aka ɗora wa nauyin karanta amsar, ya yanke shawara, ya kai mutum inda ya dace. Inda babu wannan mutum, takarda takarda ce kawai, irin waɗanda ke cike da kabad a ofisoshinmu.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko a kan jiyyar ciwon kwankwaso mai naci ba tare da fiɗa ba. Ta yarda da ilimantar da majiyyaci a kan ciwonsa, da tsararren motsa jiki, da tausa, da taimakon masana halayyar ɗan Adam, da magungunan rage kumburi cikin hattara. Ta ce a daina dogara ga ɗamarar baya, da jan mutum da nauyi a kan gado, da ƙwayoyin dangin tiramol. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ta nanata cewa abu guda ba ya isa, sai an haɗa biyu ko uku gwargwadon halin mutum, kuma masu ba da su su zama bakinsu ɗaya.

To, mu da ba mu da yawan likitoci fa? Asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959, da asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ba za su iya ɗaukar kowane mai ciwon baya ba, kuma bai kamata su ɗauka ba. Aikinsu shi ne 'yan kaɗan ɗin nan masu alamun hatsari, da wanda jijiya ta matse shi wata da watanni ba sauƙi. Likitocin gashi kuwa yawancinsu a manyan birane su ke. Saboda haka ni a nawa ra'ayin, mai riƙe akala ya kamata ya zama ma'aikacin ƙaramin asibitin da ya fi kusa da gidan majiyyaci, ko malamin lafiya ne, ko nas. Shi zai tantance alamun hatsari, shi zai yi bayani, shi zai sa ranar dawowa bayan mako biyu da kuma bayan mako shida. In ya tura mutum gaba, ya tura shi da wasiƙa, kuma babban likitan ya mayar da amsa a rubuce. Wannan mayar da amsa ita ce ta fi kome wuya a wurinmu. Ƙananan asibitoci suna ƙarƙashin wata hukuma, manya na jiha suna ƙarƙashin wata, na koyarwa kuma na Tarayya ne. Majiyyaci yakan hau sama, amma labarinsa ba ya saukowa. Ina roƙon manyan likitocinmu, layi uku sun isa: abin da muka gani, abin da muka ba shi, abin da za ku ci gaba da yi. Yau da kusan kowane malamin asibiti ke da waya a aljihu, likitan gashi guda a babban asibitin jiha yana iya koya wa malaman ƙauyuka ashirin motsa jikin da za su nuna wa mutanensu, su kuma su riƙa tuntuɓarsa a kan wanda ya gagara.

Amma duk wannan shiri banza ne in ba a tambayi mai ciwon abin da ya ke nema ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Likita yakan tambayi inda ke ciwo da tun yaushe, ba safai ya kan tambayi me ciwon ya hana ka ba. Ga dattijo, watakila babban burinsa ya iya ruku'u da sujada ba a kan kujera ba. Ga manomi, ya yi noman fari kafin ciyawa ta ci gonarsa. Ga uwa, ta goyi ɗanta ta yi daka. Ga direba, ya kai Legas ya dawo. Kowannensu jiyyarsa dabam. Ka ce wa manomi a tsakiyar damina ya huta wata guda, ka san ba zai yi ba, shi ma ya san ba zai yi ba, sai ya ce "to, likita" ya fita, ba za ka ƙara ganinsa ba. Amma in ka zauna da shi kuka shirya ya riƙa yanka aikin gunduwa-gunduwa, ya miƙe ya ɗan taka bayan kowane 'yan kunyoyi, ya bar wa yara ɗaukar buhu na 'yan makonni, to, wannan zai iya, kuma zai dawo ya ba ka labari. Haka kuma a tambayi barcinsa, da abin da ke damun zuciyarsa, domin bashi da rigimar gida da rashin barci suna ƙara wa ciwo nauyi, ba camfi ba ne, abu ne da aka auna aka gani. A kuma faɗa masa kuɗin kowane abu tun kafin a rubuta, a bar shi ya zaɓa da saninsa.

Wanzamai da maɗora da masu tausa fa? Na san wasu ma'aikatan asibiti ba su son a ambace su. Ni dai na ga ko an so ko an ƙi, wurinsu mutane ke fara zuwa, kuma sukan ba mutum lokaci su saurare shi, abin da layin asibiti ba ya bari. Gara a jawo su a koya musu alamun hatsarin nan, don su san wanda za su ce wa "wannan ba namu ba ne, tafi asibiti yau". Tausa ba ta da laifi. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne tsaga da aska guda ga mutum goma, da taka gadon bayan tsoho, da jiƙon da aka zuba wa ƙwayoyin bature a ɓoye. Kuma in ma'aikacin asibiti ya daina yi wa mutum tsawa don ya je wurinsu, majiyyaci zai daina ɓoye masa.

Ku kuma masu wasiƙu, kafin hukuma ta shirya nata, ga abin da ke hannunku. Ku sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. A shafin farko a rubuta ranar da ciwon ya fara, da abu biyu ko uku da ya hana ku waɗanda ku ke so ku koma yi. Duk wanda ya ba ku magani, likita ne ko mai kemis ko mai gargajiya, ku roƙe shi ya rubuta sunan abin da ya bayar da kwanan wata. In ya ƙi rubutawa, ku yi tunani kafin ku haɗiya. Ran da za ku asibiti ku tafi da littafin, da kwalayen magungunan duka a leda, har da gorar jiƙon, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ku tashi daga gaban likita ku tambaye shi ko ya ga wata alamar hatsari, da abin da za ku riƙa yi da jikinku a gida, da ranar da za ku dawo, da kuma wurin wa. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da ɗansa ko ƙanensa.

Mai wasiƙar nan daga ƙasar Gumel da ya ce ƙafarsa ta hagu ta fara ja, kuma fitsari yana yi masa gardama, ina roƙonsa kada ya jira fitowar jarida ta gaba, ya nufi babban asibiti yau. Sauran tambayoyin da suka shafi ciwon baya na masu juna biyu, in Edita ya ba ni fili, sai mako mai zuwa.

Wasalam.